Wa Ya San Ka?

Ƙarfe tara na dare a Rumde Ajiya,
fanka na kwashe zafin Garwa daga wannan kusurwa ta zuba a waccan,
ni kuma ina gaban baƙin allo
mai jan layi ɗaya tal:
an kasa tantance takardar shaida.

Manoman albasa ɗari da sha bakwai
na jiran sefarsu ta faɗo cikin waya.
Tun la'asar Madam Dudu ke kira,
ta ma daina gaisuwa, "Yaya?" kawai take cewa.

Na'urar ba ta cikin ɗakin nan.
Haya muke biya mata a wata ƙasa mai sanyi,
ko inuwarta ban taɓa gani ba.
Uwar garke ake ce mata,
da can sunan dariya yake ba ni,
yau kam ta ci sunanta:
ta toge a bakin mashaya,
garke duka ya tsaya a bayanta.

Ta je ƙofar kamfanin biyan kuɗi ta yi sallama,
aka miƙo mata takarda mai hatimi,
ta juya ta gaba da baya
ta ce ba ta san mai hatimin ba.

Na buɗe adireshin a tawa kwamfutar,
ya buɗe lafiya lau, har da ɗan kwaɗonsa a gefe.
Na duba agogonta ko ta kwana a bara,
daidai yake har daƙiƙa.
Na duba wa'adin takardar,
da sauran wata biyu.
Na bi sunan harafi harafi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafar Lagdo.
Babu.

Sali ya kawo shayi, ya leƙo ta kafaɗata:
"Kalma ɗaya ce fa.
Ce mata ta daina tambaya,
minti biyu mu tafi gida."
Na san kalmar.
Yatsana ma ya san inda take.

Sai kawuna Hamajoda ya faɗo mini,
dillalin shanu a kasuwar Adumri,
ranar da baƙo ya zo da farin bijimi, farashi kamar kyauta.
Kawu bai duba haƙori ba, bai taɓa tozo ba.
"Wa ya san ka?"
Baƙo ya kira suna.
"Shi kuma wa ya san shi?"
Ya kira wani.
"Wannan na biyun fa, wa zai tsaya masa?"
Shiru.
Kawu ya ɗau sandarsa, ya bar la'ada a ƙasa.
Kasuwa na zagayowa jandarmomi suka zo cigiyar bijimin.

Na ce Sali ya ƙaro shayi.
Na kama silsilar da hannuna:
wane ya sa wa takardar nan hannu,
wane ya tsaya wa wanen,
har na dire a kan tushe,
suna ne da duniya ta yarda da shi tun shekara huɗu,
amma babu shi a littafin amintattun uwar garkenmu.
Littafin tun na Bakari ne,
wanda ya kafa ta, ya tafi Duwala
bai bar mana ko rubutun alli ba.
Dattawan da ta sani duk sun kwanta dama,
ba wanda ya kai mata labari.

Ashe baƙon yau mai gaskiya ne.
Mu ne muka tsufa.

Na sabunta littafin, layi biyu,
na tashe ta, na riƙe numfashi.
Sha ɗaya da kwata
jan layin bai dawo ba.

A bakin ƙofa wayar Baba Jauro maigadi ta yi ƙara,
shi ma yana da 'yar fadamarsa a bakin Binuwai.
Ya nesanta ta da ido, ya matso da ita,
ya ce in karanta masa sifilin.

Kafin in kashe fanka
na yagi takarda, na rubuta abin da na yi da kwanan wata,
na manna a bango da ƙusa
saboda wanda zai zo bayana
ranar da ni ma na tafi Duwala.